Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Sai da na kai shekara arba'in da shida a duniya kafin na ji sunana a bakin uwata. Ranar da na ji shi kuwa, madafa na shige, na zauna a kan turmi na yi ta kuka.

Ni ce 'yar fari. A Garin Cindo, ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko gaisuwarsa ma ciki-ciki take amsawa. Kowa na yin wannan kunya, amma Inna Kande ta fi kowa riƙe ta. Sunana a wajenta "waccan". A ce wa waccan ta zo ta ci tuwo. Waccan ta dawo daga makaranta? Akwai wata Fadimatu mai sayar da fura a unguwarmu, ita ma albarkacina ta rasa sunanta, ta koma "mai sunan waccan". Tun ina ƙarama abin yana ci mini rai, har na girma na yi aure a Gumel, na zama malamar firamare, na haifi nawa, na daina sa rai.

Rikicin ya fara mata a hankali. Ta sa gishiri a kunu, ta yi sallar azahar sau uku, ta tambayi ina Baba ya tafi alhali ya shekara tara a ƙasa. Muna ta cewa tsufa ne. Shekara huɗu bayan an ba mu jihar Jigawa, wata Laraba, masu korar shanu zuwa kasuwar Maigatari suka tsince ta a burtali, ba takalmi, da ƙwarya a ka, wai za ta kai wa Baba abinci gona. Allah ya sa ɗaya daga cikinsu ya san ta.

Ƙanena Habibullah, wanda ke aiki a ofishin gona a Gagarawa, shi ya yanke hukunci. Ya ce an fara cewa mun yar da uwarmu a ƙauye, don haka Gumel za ta koma, gidana, tunda ni ce kusa da asibiti. Likita ya duba ta ya ce rikicin tsufa ne, ba shi da wani magani sai kulawa da haƙuri. Habibullah ya sayo katifa, ya sayo fanka, ya sayo rediyo, sannan ya kafa mini dokoki. Kada ta taɓa aikin komai, ta wahala da mu ya isa, yanzu lokacin hutunta ne. Kada a bar baƙi su shiga wajenta, kada ta yi wata magana a kwashe a kai gari. Ƙofa kuma a rufe da kwaɗo. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. A ganinmu gata muka yi mata.

Shi yakan zo ranar Asabar a kan babur ɗinsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye lemo da burodi, ya duba agogo. Sauran kwana shida da rabi nawa ne. Ni ce wanka, ni ce wankin zannuwan da ta ɓata, ni ce bin ta da kwano tana cewa ta ci alhali ba ta ci ba. In fita makaranta da safe in kulle ta da rediyo, in dawo in tarar da ita yadda na bar ta, tana kallon fanka.

Da yake ni malamar aji ɗaya ce, na ɗauka babu abin da naci ba ya koyarwa. Yara tamanin nake zaunarwa a gindin darbejiya in cusa musu baƙaƙe, tsohuwa ɗaya za ta gagare ni? Na ɗaura jan ƙyalle a ƙofar banɗaki. Kullum bayan la'asar sai in zaunar da ita.

"Inna, ina banɗaki yake?"

Ta kau da kai.

"Inna, jiya fa na nuna miki. Wane gari muke? Ce Gumel."

"Gumel."

"Yawwa. To wane gari muke?"

Sai ta dube ni a tsorace, ta fara murza bakin zaninta. Wata biyar muna wannan karatu, ko hanyar banɗaki ba ta zauna mata ba. Maganarta ma ta ragu, ta koma e da a'a. Ni kuma muryata tana ta ƙara tashi, har 'ya'yana suka koyi sulalewa waje in sun ga na ɗauko tabarmar darasi.

Abu ɗaya ta koya, shi ma ba ni na koya mata ba. Ta ji maigidana yana kira, ta ji maƙwabta suna kira ta kan katanga. Wata safiya ina ɗaura mata ɗankwali sai ta ce, "Fadimatu, miƙo mini buta."

Na miƙa mata butar. Ta karɓa, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi murmushi.

"Ke dai kina da kirki, Allah ya yi miki albarka. 'Yar gidan wa ce ke?"

Ranar ce na yi kukan turmi. Shekara da shekaru ina son jin wannan suna daga bakinta, ashe ba zai fito ba sai ta manta ko ni wace ce. Daga nan abin ya zama ruwan dare. Fadimatu kawo ruwa, Fadimatu rufe taga, Fadimatu yaushe za a mai da ni gida. Kowane kira sai na ji shi a ƙirji. Na daina damuwa da banɗaki da sunan gari. Abu ɗaya nake roƙon Allah, kafin ya ɗauki ɗayanmu ta sake sanin cewa ita ta haife ni.

Sau biyu ƙawarta Zinariya tana zuwa tun daga Garin Cindo, tsohuwa da sanda, a bayan a-kori-kura. Sau biyun a zaure na tare ta na ce Inna na barci, likita ya ce kada a tashe ta. Ta sha ruwa, ta dube ni ta gefen ido, ta ce, "To, a gaishe da mai barci." Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da kaka ta yi, gajiya ta sa wata rana na fita makaranta na manta ban danna kwaɗon ba. Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, ɗaki wayam, rediyo na ta surutu shi kaɗai. Na yar da jaka na fito ba mayafi, ina tunanin rijiya, ina tunanin titin Maigatari da manyan motoci. Ban yi taku goma ba na jiyo muryarta daga gidan da ke jikin namu, tana faɗa.

Gidan Selina ne, matar Elias ma'aikacin ruwa. Mutanen wajen Jos ne, sun shekara bakwai a unguwarmu. Selina na suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma da kaka matan layinmu kan taru a tsakar gidanta su taya ta ɓara ana hira. Na leƙa. Ga Inna a tsakiyar mata huɗu, ƙafafu a miƙe, faifai a cinya, tana sheƙe gyaɗa da gwanintar da na sani tun ina yarinya.

"Haka ake sheƙa a garinku?" take ce wa wata. "Rabin gyaɗar kin bai wa kaji. Kawo nan."

Matan suna ta dariya. Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawon haka, tun kafin azumi.

Selina ta taso ta ja ni gefe. "Malama, kada ki yi fushi. Da kanta ta shigo ta yi sallama, ta zauna. Na aika a faɗa miki a makaranta, aka ce kina aji. Don Allah ki riƙa bar mana Mama. Ba inda za ta, idona na kanta."

Na so in ce a'a, na tuna dokar Habibullah. Amma na gaji, gajiyar da ko gardama ba na iyawa. Na ce to.

Abin da na gani cikin sati uku ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi. Inna ta riƙe sunan Selina, ko da yake Salina take cewa. Ta san hanya daga ƙofarmu zuwa tasu, ta san inda ake rataye faifai. Akwai wani ɗan injin niƙa na hannu da Selina ke markaɗa gyaɗa da shi, wanda Inna ba ta taɓa gani ba a rayuwarta. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata, tana dai zaune ana juyawa ana hira, sai ga shi rannan ta ture hannun wata ta kama, har tana ɗaure notin da ke kwancewa. Banɗakin gidan Selina ma ta san shi, ba ja ba koren ƙyalle. Ta fara cin abinci sosai, don a can tare ake sa hannu.

Na kasa haƙuri na ce wa Selina, "Wata biyar ina fama da matar nan ba ta riƙe komai ba. Me kuke ba ta?"

"Ba ma ba ta komai, Malama. Mu dai ba ma tambayarta. In ta ce yau kasuwar garinsu, sai mu ce me ake sayarwa. In ta kira ni da sunan wata, sai in amsa. Ke kuwa ina jiyo ku ta katanga, kullum jarrabawa."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Na naɗe tabarmar darasi na ɗora a kan rumbu. Sai dai duk wannan ci gaba bai zo kaina ba. Da yamma in na je ɗaukarta sai ta ce wa matan, "Ga Fadimatu ta gidan da nake kwana ta zo." Ta san mai ƙuli-ƙuli, ta san injin niƙa, ni kuwa mai masauki ce.

Wata Asabar Habibullah ya zo da wuri ya tarar da ɗaki ba kowa. Da ya ji inda take, sai ya cire hula ya fara. Uwarsa, uwar ma'aikacin gwamnati, tana ɓarar gyaɗa a gidan maƙwabta kamar 'yar ƙwadago? Me za a ce a Gagarawa? Na bar shi ya gama, sannan na shiga ɗaki na kwaso zannuwan da ban kai ga wankewa ba na zube masa a gaban babur.

"Ga su nan, Habibu. Ka ɗaura a baya, ka ɗauki uwarka ka kai ta Gagarawa ka kulle. Ni na kulle iya kullewata."

Ya dubi zannuwan, ya dube ni. Tun da aka haife shi ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya mai da hularsa, ya ajiye lemo da burodi a kan dakali, ya tafi. Sati uku bai zo ba, ni ma ban aika ba.

Ana cikin haka autarmu A'i, wadda ke aure a Garin Cindo, ta haihu. Na yi niyyar tafiya suna ni kaɗai, Selina ta ce, "Ki tafi da Mama mana. Jikarta ce fa." Na ce tsoro nake ji. Ba ɓata nake tsoro ba, bakinta nake tsoro. A Gumel ba wanda ya san Inna ba ta faɗin sunana. A ƙauye kuwa, in ta buɗe baki ta ce Fadimatu a gaban mata, an gama, kowa ya san Kande ta manta 'yarta ta fari. Duk da haka na shirya ta, don ba ni da wanda zan bar wa ita kwana biyu.

Lokacin ana wahalar mai. Mun yi awa uku a tasha kafin a-kori-kura ta cika, aka matse mu a gaba kusa da direba. Daga Sule Tankarkar muka hau amalanke. Duk hanya tana kira. Fadimatu ina za mu, Fadimatu ƙafata ta sage, Fadimatu wannan geron na wa ne. Na ƙirga har sau goma sha ɗaya na bari.

Mun isa da hantsi, an riga an raɗa suna, gida ya cika da mata. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe mini hannu gam, ba ta gane kowa ba, har A'i. Zinariya ce ta taso da sandarta. Ba ta gaishe ta ba, ba ta ce kin gane ni ba.

"Kande, sai yanzu? Kin bar mu da tsinkar zogale, ke kina can birni kina barci." Ta wurgo mini kallo a kan kalmar barci. "Zauna nan, ga naki."

Ta ja ta cikin tsofaffi a inuwar rumfa, ta dire mata ƙwarya da ganye. Ni na shiga wajen masu tuƙin tuwo, amma kunnena yana rumfa. Da farko muryoyin wasu kawai nake ji. Suna ta tonon tsofaffin labarai, shekarar da rijiyar gari ta rufta, wace ce ta faɗo daga kan jaki ranar kai amarya, wace ce miyarta ba ta taɓa jin daddawa ba. Can sai na ji Inna ta ce, "Ƙarya kike, ba jaki ba ne, raƙumin Ya'u ne." Rumfa ta kaure da shewa. Kafin azahar har tana gyara musu sunayen matattu.

Bayan an yi sallah aka ce in kai wa tsofaffi tuwonsu. Na ɗauko akushi na nufi rumfa, na tarar Zinariya na ba da labarin haihuwar fari ta Inna, yadda ta ƙi kallon jaririyar, yadda sai an kori kowa daga ɗaki sannan take ba da nono, yadda ita Zinariya ta taɓa kama ta tana sumbatar ƙafar 'yar a ɓoye ta yi rantsuwa ƙaiƙayi take cire mata. Ban taɓa jin wannan ba. Na durƙusa na ajiye akushin, zan juya, Zinariya ta riƙe mini zani.

Tsohuwar tsokana ce, tun ina yarinya suke yi mata ita a kowane biki.

"Kande, ga ta nan ta kawo miki tuwo. Wace ce wannan? Faɗi sunanta mu ji."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na ji sau goma sha ɗaya da safe. Na ɗago kaɗan, na ga Inna ta zuba mini ido. Ta daɗe tana kallo, bakinta ya motsa. Sai na ga idon ya sauka ƙasa. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta juya wa wajen da nake baya.

"Ke dai Zinariya har ki mutu ba za ki yi hankali ba," ta ce.

Tsofaffi suka fashe da dariya, irin wadda suka saba yi shekara arba'in, suka jawo akushi. A wajensu ba abin da ya faru. Ni na tashi da ƙyar na zagaya bayan rumbu, na toshe bakina da zani don kada a ji a ce wani abu ya sami mai jego.

Washegari da safe A'i da Zinariya suka zaunar da ni. A'i ta ce a bar mata Inna, ga ɗaki, ga mata cike da gida, in ta gama wankan jego ita za ta ci gaba da komai. Na ce burtali fa? Wancan karon Allah ne ya kiyaye.

"Wancan karon ita kaɗai ce a gidan babanku, ba mai ce mata ina za ki," in ji Zinariya. "Yanzu ina nan, tabarmata a ƙofar ɗakinta. In ma ta fita, garin nan wa zai ga Kande bai san gidan da zai kai ta ba? Ba warkewa za ta yi ba, 'yar nan, kada ki yaudari kanki. Jiya da magariba ni ma ce mini ta yi baƙuwa. Amma gara ta rikice a cikin mutane."

Na shiga lissafin abin da ya rage mini. In na koma da ita Gumel, ina ganinta kullum, ina mai masaukinta. In na bar ta, sai in yi wata ban gan ta ba, da wannan wahalar mota. Kuma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da tunanin safiyar da ba wankin zannuwa, na kuma ji kunyar wannan sanyin. Na ce su bar ni da Habibullah, ni zan faɗa masa.

Da mai amalanke ya iso na shiga yi mata sallama. Tana zaune a bakin gado, jaririyar A'i a cinyarta. Na durƙusa.

"Inna, zan koma."

Ba ta dube ni ba, ba ta ce komai ba. Na ƙara jira. Na rasa gane shirun, ko na kunyar jiya ne, ko kuwa irin na kallon fanka ne ya dawo. Na ce Allah ya ƙara lafiya, na fito na hau amalanke.

Shanun sun fara tafiya ke nan na ji ana ƙwala wa mai amalanke kira. Zinariya ce ke ɗingiso da sanda, da wani ƙulli a hannu. Gyaɗa ce, ba ta fi cikin tafi biyu ba, an ƙulle ta a yagaggen bakin zanin da na ɗaura wa Inna da safe.

"Ungo," ta ce tana haki. "Ta ce a bai wa waccan, kada ta yi tafiya da yunwa."